Baƙo a Alƙahira: Yadda Sabon Matafiyi Zai Tsara Yawon Buɗe Ido a Masar

Wanda bai taɓa fita ƙasar waje ba, idan ya ƙudura niyyar zuwa Masar yawon buɗe ido, yakan fara ne da dogon buri. Yana son ya ga dalar Giza, ya yi salla a Azhar, ya shiga kaburburan Fir'aunoni a Luksor, ya hau kwalekwale a Aswan, ya leƙa Abu Simbel, ya sha iskar teku a Iskandariyya, duk a cikin mako guda. A hotunan waya sai ka ɗauka wuraren nan maƙwabtan juna ne. Amma daga Alƙahira zuwa Luksor ya haura kilomita 600, jirgin ƙasa na dare yakan ci kusan awa goma a hanya. Aswan tana gaba da fiye da kilomita 200. Abu Simbel kuwa sai an ƙara nausawa kudu kimanin kilomita 280 cikin hamada, dab da iyakar Sudan. Ita Iskandariyya tana can arewa a bakin Bahar Rum, kilomita 220 daga Alƙahira. Mai son haɗa waɗannan duka a kwana bakwai zai dawo gida a gajiye tilis, abin da ya fi gani kuwa tashoshi ne da kujerun mota.

Saboda haka aikin farko a shirin irin wannan tafiya shi ne rage buri. Ga sabon shiga mai mako guda, Alƙahira kaɗai ta ishe shi, har ma ta yi masa yawa. Birni ne mai mutane fiye da miliyan 20 idan an haɗa da kewayensa, kuma abin kallon da ke cikinsa ya ratsa tarihin shekaru fiye da 4,500.

Akwai dalilin da ya sa Masar ta dace da Bahaushen da ke son gwada ƙafarsa karon farko. Tafiyar ba ta da nisa sosai, jirgin da ya tashi kai tsaye daga Kano ko Abuja kan sauka cikin kusan awa biyar. Babu fargabar abin da za a ci, masallaci kuma ko'ina aka juya akwai shi. Wanda ya yi makarantar Islamiyya zai iya karanta allunan titi da farashin kaya, domin da lambobin Larabci ake rubuta su, ko da yake Larabcin bakin Misirawa ya sha bamban da na littafi. Sannan hanyar tsohuwa ce a wurin mutanenmu. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka gina wa ɗalibansu masauki a Alƙahira, daga baya kuma aka san Barebari da sashensu na musamman a cikin Azhar. Mansa Musa ya ya da zango a birnin a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 kuma kabarinsa ke Alƙahira, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Yau ma majinyata da ɗalibai da 'yan kasuwa ba sa yankewa. Abin takaicin shi ne da yawansu kan je su dawo ba su ga komai ba sai asibiti da masauki.

Takardu su ne ƙofar shiga, kuma nan ne sabon matafiyi ya fi saurin faɗawa hannun macuta. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ana buƙatar katin rigakafin zazzaɓin shawara ga masu zuwa daga ƙasashe irin su Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru, kuma allurar sai ta kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki, don haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Dokokin biza suna sauyawa, shi ya sa tambaya a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ko Yamai ta fi jin labari a majalisa. Galibi akan nemi shaidar tikitin zuwa da dawowa, da takardar kama masauki, da bayanan asusun banki. Ba laifi a bi ta hannun ejan, da yawansu mutanen kirki ne masu sauƙaƙa wa jama'a wahala. Sai dai matafiyi ya tabbata ya ga ofishin da idonsa, ya karɓi rasit, ya kuma ɗauki lambar tikitinsa ya duba ta a shafin kamfanin jirgin ya ga sunansa ya fito daidai da yadda yake a fasfo. Harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba yana iya hana mutum hawa jirgi.

Kafin a tashi, a yi kwafin shafin fasfo da na biza, a ajiye ɗaya a jaka, ɗaya a waya, a bar ɗaya a gida wurin iyali. A kuma sayi inshorar lafiya ta tafiya. Kuɗinta kaɗan ne idan aka gwada da abin da asibitin kuɗi zai caji baƙo a kwana ɗaya.

Sai zaɓen lokaci. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne Masar ta fi daɗin yawo. A watannin Yuni da Yuli da Agusta zafi a Luksor da Aswan kan haura digiri 40, wuraren tarihin kuma fili ne fetal babu inuwa. Bahaushe zai iya cewa ai ya saba da rana, to amma a gida mutum yana da inuwar da zai fake da azahar, a can kuwa ya biya kuɗi ne don ya yi ta tafiya a ƙasa cikin rairayi. Tsakanin Maris da Mayu akan yi wata iska mai zafi da ƙura da Misirawa ke kira Khamsin. A Disamba da Janairu kuma sanyin dare kan sauko kusan digiri 10, gidaje da yawa ba su da na'urar ɗumama ɗaki, saboda haka rigar sanyi ta shiga jaka. A watan azumi wuraren kallo kan rufe da wuri, amma daren tsohon birni a Ramadan, da fitilunsa da teburan buɗa-baki a tituna, shi kansa abin zuwa gani ne. Hutun ƙarshen mako a can Juma'a da Asabar ne, ranakun da 'yan ƙasa ke cika wuraren shaƙatawa. Safiyar Juma'a ce kaɗai lokacin da titunan Alƙahira ke yin sarari.

Maganar kuɗi tana da sarƙaƙiya fiye da yadda ake zato. Abinci da abin hawa suna da araha a Masar, abin da ke cin aljihu shi ne kuɗin shiga wurare. Baƙo yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma wuri ɗaya yakan zama da tikiti biyu ko uku: na shiga harabar dala daban, na shiga cikin babbar dalar daban. Ɗalibi mai katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa yana biyan rabi. Babban abin da ke kama sabbin baƙi shi ne, tun 2023 manyan wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Mutum na iya tsayawa a bakin ƙofa da daloli a aljihu ya rasa tikiti. Katunan naira da yawa ba sa aiki a waje, ko kuma an ƙayyade musu abin da za su kashe, don haka a je banki tun da wuri a tambaya, a nemi katin da ke aiki a ƙetare, a gwada shi kafin ranar tafiya.

Sauran guzurin a riƙe shi a dala, sabbin takardu marasa yagewa ko rubutu, domin masu canji na ƙin karɓar tsofaffi. A canza a banki ko a shagon canji mai lasisi, canjin bayan fage laifi ne a dokar ƙasar. Kada kuma a dogara da farashin da wani ya faɗa shekara biyu ko uku da suka wuce. A Maris na 2024 darajar fam ɗin Masar ta faɗi daga kusan 31 zuwa wajen 50 a dala ɗaya cikin yini guda, farashin komai ya bi. Duk lissafin da aka yi, a ware wani kaso a gefe da ba za a taɓa ba sai dole. Kuma a tanadi canji ƙanana da yawa, saboda al'adar tukwici, wadda suke kira bakshish, ta game ko'ina: mai ɗaukar kaya, mai tsaron takalma a ƙofar masallaci, mai gadin bayan gida, kowa na sa ran ɗan wani abu. Ga yawancinsu wannan ɗan abin wani ɓangare ne na abin da suke ci da iyali, bai kamata baƙo ya ɗauke shi a matsayin cuta ba.

Wurin kwana ya fi kyau a zaɓe shi da taswira a hannu. Filin jirgin Alƙahira yana arewa maso gabas, dalar Giza tana kudu maso yamma, tsakaninsu kuwa cunkoson motoci ne da kan cinye fiye da awa guda. Masauki a tsakiyar gari kusa da dandalin Tahrir, ko a tsibirin Zamalek, yana rage wannan wahala, domin ko'ina za a je ana tsakiya. A karanta abin da waɗanda suka kwana a wurin kwanan nan suka rubuta, musamman masu ƙorafi, a bar dogaro da hoto. Araha ba ta ado: ɗakin da ya fi kowane sauƙi yana iya zama a hawa na bakwai na tsohon gini mai lif da ba ya aiki.

Da saukarsa, kafin ya fita daga filin jirgi, matafiyi ya sayi layin waya na ƙasar. Vodafone da Orange da sauransu suna da rumfuna a nan, fasfo kawai suke nema. Da intanet a hannu zai kira mota ta Uber ya ga farashi tun kafin ya shiga, ya huta da ciniki da direbobin da ke tare baƙi a bakin ƙofa. Ya rubuta adireshin masaukinsa da Larabci a takarda. Ya kuma ajiye lambar 'yan sandan kula da baƙi, 126, da ta motar asibiti, 123. A cikin gari jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, ya fi mota sauri nesa ba kusa ba, yana kuma da taragun da aka keɓe wa mata zalla.

Da ɗan gari akan ci gari, kuma Bahaushe yana da 'yan gari a Alƙahira. Ɗalibanmu na Azhar suna zaune a unguwanni irin su Abbasiyya da Madinatu Nasr, sun san harshe, sun san farashi. Samun amintaccen ɗalibi ya raka mutum kwana ɗaya ko biyu na farko babban sauƙi ne. Amma a tuna karatu ya kai su, kuma ba su da yalwa. Wanda ya ɗauke ɗalibi daga darasi yini guda, ya biya masa mota da abinci da tikiti, ya kuma sallame shi da abin kirki, kada ya tsaya a "Allah ya yi albarka, Malam" kawai.

Ranar zuwa Giza a yi sammako, a isa ana buɗe ƙofa, kafin rana ta take da kuma kafin manyan motocin baƙi su iso. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, an gina ta shekaru kusan 4,500 da suka wuce da duwatsu kimanin miliyan 2.3. Tsayinta na asali mita 146 ne, kuma ta shafe shekaru wajen 3,800 babu ginin ɗan Adam da ya kai ta. Sai an tsaya a gindinta ake gane abin da ake faɗa, domin dutse ɗaya na layin ƙasa yakan kai wa mutum ƙirji. Mai son shiga ciki ya san abin da zai tarar. Zai bi wani siririn rami a duƙe yana hawa, gwiwa na neman taɓa haɓa, masu saukowa na goga masa kafaɗa. Daga nan ramin ya buɗe ya zama dogon zaure mai tsayin fiye da mita 8, a ci gaba da hawa kan katako cikin zafi da ƙarancin iska, har a isa wani ɗaki na jan dutse wanda babu komai a cikinsa sai akwatin gawa na dutse, babu murfi, babu rubutu ko zane a bango. Wasu na fitowa suna cewa ba su taɓa ganin abu irinsa ba. Amma mai hawan jini ko ciwon gwiwa ko mai tsoron matsatsin wuri, gara ya tsaya a waje, bai yi asarar komai ba.

A waje kuma akwai masu raƙuma da dawaki, kuma nan ne haƙurin baƙo ke shan gwaji. Wani zai tare shi da fara'a, "Ya Hajj, daga ina?" kafin ya amsa an ɗora masa rawani a ka an ce kyauta ne, ana gama ɗaukar hoto kyautar ta zama ciniki. Wani zai ce hawa raƙumi kuɗi kaɗan ne, sai an yi nisa cikin rairayi a ji cewa sauka ma da nata farashin. Maganin abin mai sauƙi ne. A gama ciniki tun ƙafa na ƙasa: nawa ne, fam ko dala, na minti nawa, zuwa da dawowa, kuma ba za a biya ba sai an sauka. Kada a miƙa tikiti ko waya ga wanda ba ma'aikaci ba. Abin da ba a so, a ce "La, shukran" sau ɗaya a ci gaba da tafiya, tsayawa bayani shi ke jawo doguwar magana.

Kusan kilomita biyu daga nan akwai sabon babban gidan tarihin da aka buɗe a hukumance a Nuwamba na 2025, inda aka tara kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun fiye da 5,000, kabarin da Howard Carter ya gano a 1922. Gidan yana cin rabin yini cur, don haka wanda ya haɗa shi da dala ya gama aikin ranar, kada ya ƙara komai. Gawawwakin Fir'aunonin kansu, har da Ramsis na Biyu, suna wani gidan tarihin ne a Fusɗaɗ, inda aka mayar da guda 22 a Afrilu na 2021. Kusa da shi ne masallacin Amru ɗan Asi yake, wanda aka kafa a wajen shekarar 642.

Tsohon birnin Musulunci shi ne inda ya kamata baƙo ya fi daɗewa, kuma da ƙafa ake cin moriyarsa. Titin Mu'izz ya taso daga ƙofar Babul Futuh ya sauka Babu Zuwaila, tafiyar kusan kilomita ɗaya, amma masallatai da makarantu da rijiyoyin sadaka sun jeru a kansa dama da hagu. A nan ginin Sarki Ƙalawun yake, na shekarar 1285, wanda ya haɗa makaranta da asibiti. Ana iya hawa hasumiyoyin Babu Zuwaila a hango birnin daga sama. Azhar, wanda Faɗimiyawa suka fara ginawa a 970, yana 'yan taku kaɗan daga masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. A kasuwar, wanda ya iya ciniki a Kurmi ba zai sha wahala ba: a taya ƙasa sosai, a yi kamar za a tafi, a dawo. Wata ranar kuma a ware ta ga ganuwar Salahuddin da aka fara a 1176, da masallacin Sarki Hasan na ƙarni na 14 da ke gindinta, da masallacin Ibn Ɗulun na 879, mai faffaɗan tsakar gida da hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje. Masu son ziyara kuma, ga hubbaren Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820, da na Sayyida Nafisa, duk a kudancin birnin. Wuri biyu ko uku a yini sun isa, tare da hutun azahar.

Ciki ma yana buƙatar lallami. Ruwan gora za a sha, a kuma yi hattara da ɗanyen ganye a kwanakin farko. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas da aka zuba wa miyar tumatir da soyayyar albasa, yana ƙosarwa kuma kuɗinsa kaɗan ne. Da safe akwai ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, da gurasa. Shagon da ya cika da 'yan gari shi ne abin nema, domin abincinsa ba ya kwana.

Idan kwana ya ragu, Iskandariyya tana yiwuwa a yini ɗaya. Jirgin ƙasa daga tashar Ramsis kan kai mutum cikin kusan awa uku, sai dai baƙi na biyan farashi daban da na 'yan ƙasa. Can akwai ganuwar Ƙaitbai ta ƙarni na 15 a bakin teku, da sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da masallacin Imamu Busiri, mai Burda, wadda ba a rasa masu karanta ta a ƙasar Hausa. Luksor da Aswan kuwa suna son kwana huɗu ko biyar nasu na kansu, wanda bai da su ya bar su sai tafiya ta gaba.

Akwai dokokin da rashin sani ba ya zama uzuri a kansu. Ba a ɗaukar hoton sojoji ko 'yan sanda ko gine-ginen tsaro. Shiga da ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto ba tare da izini ba laifi ne. Kuɗin waje da suka haura dala 10,000 sai an bayyana su. Arewacin Sina'i da hamadar iyakar Libiya ba wuraren yawon baƙo ba ne. Mafi hatsari duka shi ne magani. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda an same ta da ƙwayoyin tramadol kusan 290, duk da ta ce ta kawo wa mijinta ne mai ciwon baya. Mai shan magani kullum ya tafi da shi a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Wannan ya shafi al'adarmu ta karɓar saƙo. Zumunci ne mutum ya ce "Alhaji, don Allah ga ɗan saƙo ka kai wa yarona," amma duk ƙunshin da ke jakar matafiyi shi doka ta sani. A buɗe saƙon a gaban mai shi a ga abin da ke ciki, wanda kuma ya tare ka a filin jirgi ba ka san shi ba, a ba shi haƙuri.

Ranar dawowa a bar ta babu wani yawo. A duba kwanakin biza tun farko, domin wuce wa'adi yana jawo tara da ɓata lokaci a filin jirgi. A fita daga masauki da wuri yadda za a isa awa uku kafin tashi, a ƙara wani lokacin saboda cunkoso. Sannan a lura da nauyin kaya. A lungunan bayan Azhar akwai shagunan littattafai masu araha, kuma Bahaushe mai son karatu da wuya ya wuce su hannu rabbana. Tafsiri mai mujalladi goma kaɗai yana iya cinye rabin kilo 23 da aka saba yarda wa jaka ɗaya, ga jallabiyoyi da turare da tsarabar yara. A nemi ma'auni a masauki a auna jakunkuna tun da dare, domin kuɗin ƙarin nauyi a gaban kantar jirgi yakan fi kuɗin littattafan kansu.